Musayar Waƙa: Waziri Hwang Hui da Mutanen Gidansa

Malam Na-Dala:

Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami. Wannan karon nesa za mu, Koriya ta shekaru 600 da suka wuce. Mutumin namu shi ne Hwang Hui, wanda aka haifa a 1363, ya rasu a 1452, ya kuma riƙe kujerar babban wazirin daular Joson shekara 18, daga 1431 zuwa 1449, a ƙarƙashin Sarki Sejong. Har gobe in Bakoriye zai ba da misalin waziri mai tsabtar hannu, sunansa yake fara kamawa. Amsa-amonmu "ki". Mai yabo ya shigo, mai suka ma ƙofa a buɗe take.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da mulki, mai karɓewa,
Salati ga Manzo ba gazawa,
Alƙalamina ka yi ta zubawa,
Yau Koriya za mu, fadar sarki.

A birnin Kaesong aka haife shi,
Hwang Gun-seo, uba, ya rene shi,
Karatun Konfushiyas ya ratsa shi,
Jarrabawar fada ta ɗaga shi,
Ya sa ƙafa kan farkon mataki.

Shekara uku, sai gari ya rushe,
Daular Goryo ta zo ƙarshe,
Itacen da ya dogara ya bushe,
Wasu sun ɓuya, wasu an kashe,
Shi ko Joson ta kira shi aiki.

Sarki Taejong ya jawo shi kusa,
Asirin fada ya buɗe masa,
Saƙo in zai fita zuwa nesa,
Sai ya bi ta hannun Hwang da kansa,
Ya zam na jiki, ɗan cikin ɗaki.

Sarki ya ce zai tuɓe Yarima,
Fadawa da yawa suka ce haka ma,
Hwang ya ce ɗan fari ke da girma,
In an karya wannan, gobe kuma
Za a zub da jini a kan mulki.

Aka kore shi Namwon, can kudu,
Ya zauna shiru shekara huɗu,
Ba ƙorafi, ba shirin gudu,
Ƙanen Yariman, da shi za su haɗu,
Sejong ya kira shi, abin mamaki.

Ga masu son lissafi: jarrabawa 1389, faɗuwar Goryo 1392, kora 1418, dawowa 1422. Yariman da aka tuɓe shi ne Yangnyeong, yayan Sejong. Kuma Taejong ɗin da ya kore shi, shi ne ya ce wa ɗansa Sejong ya dawo da shi.

Ɗan Damagaram:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Bakano dai ko waƙa zai yi sai ya haɗa da lissafi kamar yana kanti. Ni ƙwar biyu zan yi, daga labaran da Koriyawa ke ba 'ya'yansu.

Yana saurayi ya bi ta gona,
Ya iske tsoho da shanun aiki.

Ya ɗaga murya daga bakin hanya,
"Ja da baƙi, wa ya fi ƙarfin jiki?"

Tsoho ya aje garma ya tako,
Ya kai wa kunnen saurayi baki.

Ya raɗa masa, "Jan ya fi ƙwazo."
Hwang ya yi turus yana mamaki.

"Baba, don me ka sha tafiyar nan,
Kan zancen da bai kai nauyin haki?"

"Ɗana, ko sa yana da zuciya,
In ya ji an kushe shi zai yi raki."

Tun daga ran nan, in ji mutane,
Ya sa wa harshe linzamin doki.

Wata rana kuyangi biyu sun ɓata,
Ɗaya ta kai ƙara cikin ɗaki.

Ya ce da ita, "Ke ce da gaskiya."
Ta biyu ta shigo tana ta haki.

Ya ce da ita, "Ke ma da gaskiya."
Uwargida na gefe ta ja tsaki:

"Yaya biyu za su zam da gaskiya?"
Ya ce, "Ke ma gaskiyar na ba ki."

Hajiya 'Yar Alƙali:

Malam, Ɗan Damagaram, sannunku da hira. Tatsuniya akwai daɗi, amma fadar Joson tana da marubutan da aikinsu ke nan, su rubuta abin da ya faru kullum, kuma al'adarsu ko sarki ba a ba shi ya karanta abin da aka rubuta a kansa. Kundin sunansa Sillok. A cikinsa akwai shekarar 1427, lokacin Hwang yana waziri na biyu. Ku ɗan matsa mini.

Kun ba mu labarin sa da garma,
Kun ɗora waziri can a sama,
Ni ko na buɗe kundi, na kuma
Ga ɗigon jini a rigar biki.

Surukinsa Seo Dal, mijin 'yarsa,
Ya bi ta Sinchang da barorinsa,
Wani akawu ya wuce ta gabansa,
Ba gaisuwa, ba sunkuyar da jiki.

Barori sun bazu neman mai laifi,
Suka kama wani suna gwada ƙarfi,
Akawu Pyo Un-pyeong ya ce abin ya yi zafi,
Seo Dal ya ce a sa masa kulki.

Kashegari Pyo ya bar duniya,
Sai manya suka shiga rufe gaskiya,
Aka bi dangin mamaci da dukiya,
Aka ɗora wa bara guda alhaki.

Hwang ya je gun waziri Maeng abokinsa,
Don Sinchang ɗin nan yankinsa,
Uban Seo Dal ko, muƙaminsa,
Ministan shari'a ne gun sarki.

Sejong ya ɗau takardu ya duba,
Ya ga kai da gindi ba su haɗu ba,
Ya ce a sake, bai gamsu ba,
Waziri biyu aka tuɓe a aiki.

Ba a yi wata ba aka mai da su,
Seo Dal, ɗa tilo ne a gidansu,
Bulala ɗari, rai ya tsira musu,
Gidan Pyo aka bari da makoki.

Ka ce kowa ya ba shi gaskiya,
Kuyangi da uwargida baki ɗaya,
Matar Pyo fa, da ta sha wuya,
Wa ya ce mata, "Gaskiya na ba ki"?

Ɗan Damagaram:

Hajiya, na zo da ganga da algaita,
Kin tare ni kin taka mini birki.

Ban musa ba, jinin Pyo jini ne,
Kuma suruki ya bar masa miki.

Amma ki duba, wanda ya tono,
Shi ne ya mai da shi kan aiki.

Sejong ba yaro ba ne, Hajiya,
Me ya gani har ya kasa saki?

Baba Tsohon Akawu:

Tambayar nan tawa ce, ɗana. Na yi shekara 35 ina jan fayil, na ga irin mutumin da shugaba ke jin haushinsa da safe, da la'asar ya aika a kira shi, don in ba shi takarda ba ta motsi. Hajiya, 'yata, ban zo wanke shi ba. Ko a 1430 an sake tuɓe shi, kan sa baki a shari'ar wani jami'i da dawakin gwamnati suka mutu a hannunsa. Shekara na zagayowa sai ga shi babban waziri. Ga abin da nake jin Sejong ya gani, daga yunwar 1423 zuwa rigimar haraji.

Lardin Gangwon ya faɗa yunwa,
Sejong ya tura shi ba jinkirtawa,
Ya buɗe rumbu ya yi ta rabawa,
Talakawa suka tara duwatsun tunawa,
Sogongdae, shaidar aikin kirki.

Sarki ya so sabon tsarin haraji,
Ya aika a tambayi birni da daji,
Sama da mutum 170,000, har aka gaji,
Masu so sun fi, Hwang ya ce a ji:
Fadama da tudu ba ɗaya ba ne, sarki.

Sai a 1444 aka daidaita ta,
Ƙasa kashi shida aka karkasa ta,
Damina kashi tara aka auna ta,
Gardamar su Hwang ta gyara ta,
Mai ce wa sarki a'a ya yi masa aiki.

Ya ce na tsufa, a bar ni in huta,
Takardar murabus ya sha rubuta ta,
Kullum Sejong sai ya ƙi karɓar ta,
Sanda ya ba shi, ya dogara da ita,
Da abin jingina, ya koma aiki.

Da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa ma, cewa aka yi ya zauna gida a riƙa kai masa takardun. Ni da aka sallame ni ranar da na cika, ko shayi ba a dafa ba, na kan rasa ko tausayinsa zan ji ko ƙyashi.

Autan Zaure:

Ni dai ɗalibi ne a zauren nan,
A yi mini afuwa in na yi tuntuɓen baki.

An ji suruki, an ji mai gida,
'Ya'yan cikinsa fa, sun yi kirki?

Hajiya 'Yar Alƙali:

Auta, ka taɓo inda ke ciwo. Wannan kuma 1440 ce.

Akwai Chi-sin, shi ne babbansu,
Bo-sin da Su-sin, ka ji jerinsu,
Da wani Jung-saeng, ba a sa shi cikinsu,
Ɗan baiwa ne, ɗan bayan ɗaki.

An ba shi aiki gidan Yarima,
Kaya suka dinga ɓacewa kuma,
Har kofin zinariya mai girma,
Aka bi sawu, ya amsa da baki.

Ya ce, "Ai na ba wa ɗan'uwana,
Bo-sin, ɗan uwargidan babana."
Bo-sin ya sha hukunci, ya ɓata suna,
Aka karɓe takardarsa ta aiki.

To me waziri ya yi da ɗan baiwa?
Ya ce, "Ba nawa ba ne," gaban kowa,
Sunan gidan ma aka yi sauyawa,
Daga Hwang zuwa Jo, an cire shi a jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wani marubucin fada, Yi Ho-mun, ya rubuta cewa shi kansa Hwang Hui ba ɗan uwargida ba ne. Ya kuma ce ana yi masa laƙabi da Sufeton Zinariya, wai don ya karɓi zinariya a hannun wani malamin addinin Buda. Manyan da suka tattara kundin bayan rasuwar Sejong sun yi gardama a kan rubutun, wasunsu suka ce ƙage ne, amma ba a goge shi ba. In ta tabbata, ɗan ƙwarƙwara ne ya kori ɗan baiwa.

Malam Na-Dala:

Hajiya, kin kai mu ruwa mai zurfi. Bari in ɗauko Su-sin, ko da yake na faɗa tun yanzu, wannan labarin baka ne, ba na kundi ba.

Su-sin da ƙuruciya ya kama giya,
Kullum gidan zabiya, ba jin kunya,
Uba ya yi faɗa har ya sha wuya,
Yaro ya ce "to", ya juya baya,
Dare na yi ya sa sirdi a doki.

Wata safiya yana dawowa,
Ya iske uba a ƙofa da tsayuwa,
Cikin rigar fada yana rusunawa,
"Maraba da baƙo, sannu da zuwa."
Yaro ya ji sanyi ya ratsa jiki.

"Baba, ni ne, me ya yi zafi?"
"Ɗa yana jin uba ko ba ƙarfi,
Wanda bai ji ba baƙo ne, ya fi
A tarbe shi da kyau, in ya so ya tafi."
Su-sin ya durƙusa, ya kasa buɗe baki.

Wannan Su-sin ɗin ne ya zama babban waziri a 1467, zamanin Sarki Sejo, a kan kujerar da ubansa ya zauna.

Hajiya 'Yar Alƙali:

Ɗaya an kira shi baƙo don ya dawo,
Ɗaya an mai da shi baƙo an rufe ɗaki.

Baba Tsohon Akawu:

'Yata, wannan baitin ba ni da amsarsa. Bari in raka tsohon gida, dare ya yi.

An sallame shi yana shekara 86,
Ya aje hatimi, ya naɗe takarda,
Paju ya nufa, can ya yi gida,
Wata kaɗan kuka ya tashi a fada,
Sejong ya riga shi, ƙasa na makoki.

Akwai wata rumfa a bakin ruwa,
Kogin Imjin na ƙasa yana wucewa,
Bangujeong, ma'anar sunan kuwa,
Abota da tsuntsayen teku masu zuwa,
Nan ya zauna, ba fada, ba aiki.

A 1452 aka rufe idonsa,
A Paju ɗin nan aka yi kabarinsa,
A Jongmyo, gidan tunawa da sarakuna, aka kafa allon sunansa,
Cikin masu hidimar ubangidansa,
Ko a can ma yana gefen sarki.

Yau in ka hau rumfar ka duba,
Waya mai ƙaya ce a bakin gaɓa,
Soja na gadi, bai runtsa ba,
Kaesong na Koriya ta Arewa, ba ta yi nisa ba,
Tsuntsu kaɗai ke zuwa, ya dawo da kifi a baki.