Lambunan sarakunan Mugal a Sirinaga: Shalimar ko Nishat?

Abu Hafsa, Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Zan kai mahaifiyata Delhi ganin likita a ƙarshen Oktoba, muna da kwana uku a tsakani. Tana son ganin lambunan nan masu hawa-hawa na bakin tafkin Dal a Kashmir, amma gwiwa na damunta. Wanne ya fi dacewa, kuma me za mu shirya?

Malam Sani, Makka:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ku nufi Shalimar. Jahangir, sarkin daular Mugal da ta mulki Indiya, shi ne ya gina shi a 1619, kuma filinsa a kwance yake, tudun kaɗan ne tsakanin hawa da hawa, dattijuwa za ta iya bin gefen magudanar ruwan a hankali har ƙarshe. Hawan farko wurin zaman sarki ne da talakawa, na tsakiya na fadawa, na can ciki kuma na matan gidan sarauta, inda rumfar baƙin dutse take da ruwa zagaye da ita. Ku leƙa bayan inda ruwa ke gangarowa, akwai ƙananan ramuka jere a bango da ake ajiye fitilu a da, haske ya riƙa ratsa ruwan da dare.

Nishat kuwa, wanda Asaf Khan, yayan sarauniya Nur Jahan matar Jahangir, ya gina a 1633, hawa 12 ne a jikin dutsen Zabarwan, matakalarsa na dutse ce kuma a miƙe. Ni a ganina ya fi Shalimar kyan hangen tafki, amma ba na mai ciwon gwiwa ba ne. In kun tsaya can, ta zauna a hawa na biyu ko na uku a inuwa, kai ka ƙarasa sama. Keken guragu ba zai yi amfani sosai ba a nan.

Duka kan hanya ɗaya suke daga Dalgate, unguwar da ke bakin tafkin a cikin garin Sirinaga: Nishat kamar kilomita 11, Shalimar kamar 15. Ku ɗauki mota ɗaya ta yini, a gama ciniki tun kafin ku shiga.

Ummu Yasir, Madina:
Yaya, lokacin da ka zaɓa ya yi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne ganyen cinar, manyan bishiyoyin da ke cikin lambunan, ke komawa ja. Sai dai sanyi. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,500, jikin da ya saba da zafin Jidda zai ji shi tun asuba. A tanadar wa Hajiya rigar sanyi mai kauri, safa, da takalmi mai riƙe ƙasa, domin duwatsun gefen ruwa suna da santsi. Ku shiga wajen ƙarfe goma, rana ta ɗan ɗaga, kuma ku kauce wa Lahadi saboda cunkoso. In an ba ku kahwa kada ku sa ran gahawar da muka sani, koren shayi ne da za'afaran da almon.

Alhaji Bala, Riyad:
Abin da ya fi kama baƙi shi ne waya. Layin Indiya na sa-kati da aka saya a Delhi ba ya aiki a Kashmir, sai layin da ake biya a ƙarshen wata. Don haka ka rubuta lambar direba da adireshin masauki a takarda, ku tsayar da wurin haɗuwa a bakin ƙofa kafin ya tafi. Ka riƙe rupi a hannu, ƙananan takardu, saboda tikitin shiga.  Fasfo ya kasance a jikinka, masauki ma zai nema don cike takardar baƙi.

Daga Delhi jirgi kamar awa ɗaya da rabi ne. Ranar komawa ku isa filin jirgin Sirinaga da wuri, binciken kaya ya fi na sauran wurare tsanani. Kuma ka duba halin tsaro kafin ka yanki tikiti, bayan harin da aka kai wa 'yan yawon buɗe ido a Pahalgam da ke Kashmir a Afrilun 2025 an rufe wuraren yawon buɗe ido da dama na wani lokaci. Tun da biza ta jinya ce, ka tambayi ofishin jakadancin Indiya a Jidda ko tafiyar ta halatta a kanta.

Abu Hafsa, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Shalimar ɗin za mu fara. Malam Sani, in Juma'a ta same mu a can, ina ya fi kusa?

Malam Sani, Makka:
Masallacin Hazratbal, a ɗaya gefen tafkin, ba nisa daga Shalimar. Ana cika sosai, ku bar lambun tun kafin sha biyu.