Takalmin asibiti bayan aikin ƙafa: yaya ake zama da shi cikin wannan zafi?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na gode da addu'o'inku da ziyarar da kuka yi mini lokacin da nake kwance, Allah Ya bar zumunci. An cire mini simintin, an kuma cire zaren ɗinki, likita ya ce ƙarfen da aka sa a idon sawun yana zaune daidai, sannan ya ɗora ni a kan wannan dogon takalmin mai maɗaurai, ya ce in riƙa takawa kaɗan-kaɗan da sanda. To, yanzu takalmin ne ya zame mini jinya ta biyu. Ƙafar tana jiƙewa da gumi har ƙuraje sun fara fito mini a ƙwauri, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciwon da nake ji a kwankwaso da gwiwar hagu, alhali ƙafar dama aka yi wa aiki. Da dare kuma barci sai dai ɓarawo. Wanda ya taɓa sa shi, ko ya yi jinyar mai shi, don Allah ya taimaka mini da shawara.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Anti Nas: Sannu Maman Khalifa. Ciwon kwankwason ba wata sabuwar cuta ba ce, tafin takalmin ne ya jawo shi. Kaurinsa ya fi na takalmin yau da kullum da kimanin santimita 2 zuwa 3, saboda haka duk takun da kika yi ƙugunki yana karkacewa gefe guda, lafiyayyiyar ƙafar da gadon baya su ne suke biyan bashin. Idan kina yawo a tsakar gida da silifas a ƙafar hagu, ki daina daga yau, ki nemi kambas mai kaurin tafi wanda zai kusa daidaita tsayin ƙafafun biyu. Akwai wani ƙarin tafi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmin lafiyayyiyar ƙafa, sunansa Evenup, amma ba kowane shagon kayan asibiti ne yake da shi ba.

Baban Ummi: Ba sai an wahala neman na Turawa ba. Mai gyaran takalmi na bakin layinmu ne ya manna mini roba a ƙarƙashin kambas ɗina, na je masa da takalmin asibitin ya gwada tsayin da idonsa, kuma ciwon bayan ya lafa cikin 'yan kwanaki. Idan babu kambas ɗin, Kasuwar Ƙofar Wambai cike take da na gwanjo masu kaurin tafi.

Amma abin da nake so in ja hankalinki a kai, Maman Khalifa, ya fi ciwon baya nauyi, kuma zan ɗan tsawaita, ku yi mini haƙuri. Lokacin da aka yi mini aiki a ƙashin tafin ƙafa, an rubuta mana takalmin a takarda aka ce mu je mu sayo a waje. Yarona ya je wani shago, mai shagon ba shi da girman ƙafata, sai ya ba shi babba, ya ce ai girma ɗaya ne kowa yake sawa, idan an ɗaure maɗauran da ƙarfi shi ke nan. Wannan magana ba gaskiya ba ce, domin takalman suna da ƙarami da matsakaici da babba, kuma da lambar takalmin mutum ake zaɓa. Da yake ya yi mini yawa, dunduniyata ba ta zama wuri ɗaya, duk taku sai ta ɗaga ta sauka tana gogar bayan takalmin. Kun san ina da ciwon suga, kuma sugan ya riga ya rage mini ji a ƙafa, saboda haka ban ji zafin komai ba. Uwargida ce ta ga jini a jikin safa ranar da za ta wanke, da aka duba sai ga bororo ya fashe ya zama gyambo a bayan dunduniya. Ƙashin da aka yi wa aiki ya warke a kan lokacinsa, amma gyambon nan sai da ya riƙe ni watanni ina zaryar wankin ciwo, kuma kuɗin da ya ci ya ninka kuɗin takalmin. Da na koma shagon, mutumin ya ce kayan da aka riga aka sa ba a mayarwa.

Saboda haka ki duba abu biyu yau ɗin nan. Yatsunki kada su leƙo waje, kada kuma su nutse can ciki, sannan idan kin sa ƙafar ki tura dunduniyar har ta jingina da bayan takalmin kafin ki fara ɗauri. Kuma kullum da yamma a ɗauko madubi ko fitilar waya a duba dunduniya da ƙasusuwan idon sawu na gefe da gefe. Duk wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, kuma bai koma daidai ba bayan an cire takalmin an ɗan jima, to wurin yana shirin zama ciwo.

Maman Khalifa: Subhanallahi, Baban Ummi, ban san abin ya kai haka ba. Ni ma ina jin dunduniyar tana ɗan motsi, amma na ɗauka haka yake.

Anti Nas: Ba haka yake ba. Ki fara ɗauri daga maɗaurin da yake kusa da yatsu ki hau sama zuwa gwiwa, ya kama sosai amma yatsan hannunki ya iya shiga ƙarƙashinsa. Idan naki mai iska ne, irin na Aircast, ki hura har ki ji ya rungume ƙafar, idan kin zauna hutawa kuma ki ɗan sace iskar. Ƙafar da aka yi wa aiki takan kumbura da yamma ta saɓe da safe, don haka ɗaurin da ya yi daidai bayan asuba zai matse ki bayan la'asar, dole a riƙa gyarawa. Ƙananan soso da suke zuwa a cikin kwalin ba na ado ba ne, ana sa su ne a gefen wurin da yake gogar ƙashi.

Kawu Direba: Ni dai ina ganin duk wannan wahala da an kai wa mai ɗori tun farko, da yanzu tana tafiya da ƙafarta. Iyayenmu da karan dawa da tsumma aka ɗaure su, kuma sun yi noma har tsufa.

Anti Nas: Kawu, da girmanku, karayar da ta shiga cikin gaɓa ba irin ta tsakiyar ƙashi ba ce, idan ta haɗe a karkace mutum zai yi ta ɗingishi da ciwo har ƙarshen rayuwarsa. Ku je Asibitin Ƙashi na Dala ku ga yawan waɗanda ake kawowa bayan ɗaurin ya matse jini ƙafa ta lalace. Yanzu kuma da ƙarfe a jikinta, babu wanda ya isa ya ja ƙafar nan ko ya murza ta.

Kawu Direba: Ban ce a ja ba, cewa na yi da tun farko. Su ma asibitin ai ga abin da ya samu Baban Ummi.

Baban Ummi: Mai shago ne ya cuce ni, Kawu, ba likita ba.

Hajiya Babba: Ya isa haka nan. Yarinya ta zo neman sauƙin barci, kun ɗauko tsohuwar gardamarku.

Yaya Tela: Batun gumi ni zan iya cewa wani abu, domin na yi jinyar mahaifiyarmu da shi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kai digiri 40 ko ya wuce. Ki sayi dogayen safa na auduga, irin waɗanda suke zarce bakin takalmin, ba na leda masu santsi ba, ki canza da safe ki canza da rana, kuma ki miƙar da safar sosai kada ta naɗe a ciki, domin ɗan ninki ɗaya ya isa ya yi miki shaida a fata. Kada ki cusa zani ko ƙafar wando a cikin takalmin. Soson da yake ciki yana ciruwa, ana wanke shi da hannu da sabulu marar ƙarfi a shanya a inuwa, sai dai ki tabbata ya bushe ƙarau kafin ki mayar. Mu sai da muka nemi na biyu, ɗaya yana shanya ɗaya yana ƙafa, domin warin da yake yi idan ya kwana biyu ba a wanke ba ya isa ya kori mai zuwa dubiya.

Ɗan Auta: Ashe shi ya sa Yaya ta riƙa tare mu a zaure lokacin jinyar Inna, ana cewa tana barci.

Yaya Tela: Kai dai ba ka zo ba ne sai ranar da aka yi dambu.

Hajiya Babba: Hoda fa? Mu a da ita muke barbaɗa wa yara idan ƙurajen zafi sun fito.

Anti Nas: Hajiya, a ƙwauri can nesa da ɗinkin babu laifi a sa kaɗan, amma kada hoda ko man shafawa ko man zafi su kusanci wurin aikin sai likita ya ce fatar ta rufe gaba ɗaya. Abin da ya fi hoda amfani shi ne, idan likitanta ya yarda ta riƙa cirewa lokacin hutu, ta kwanta ta ɗora ƙafar a kan matasai har ta fi ƙirjinta tsayi, ta buɗe takalmin fatar ta sha iska. Idan akwai ƙanƙara a naɗe ta a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, ba a kan fata kai tsaye ba. Mai ciwon suga da ba ya jin ƙafarsa sosai, irin Baban Ummi, shi ya bar ƙanƙarar ma baki ɗaya.

Kuma tunda ana ta maganar abin da za a jure, bari in faɗi wanda ba a jurewa. Ƙafar da ta daɗe ba ta motsi jini yana iya daskarewa a jijiyarta. Idan sha-raɓarki ta kumbura ta yi zafi tana ciwo kamar an daka, ko numfashi ya fara yi miki wuya, ko kika ji ciwon ƙirji, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi asibiti. Haka nan idan yatsun suka yi sanyi ko suka canza launi kuma sassauta ɗauri bai gyara ba, ko ɗinkin ya fara fitar da ruwa mai wari tare da zazzaɓi.

Malam Liman: Allah Ya ba da lafiya. Ina so in ƙara da cewa kada ta takura wa kanta a salla. Hadisin Imrana ɗan Husaini da yake cikin Bukhari ya bayyana cewa marar lafiya ya yi salla a tsaye, idan ba zai iya ba a zaune, idan ba zai iya ba a kan gefensa. Zaman tahiya yana lanƙwasa idon sawu, abin da takalmin yake hanawa ke nan, don haka ta zauna a kujera ta yi nuni, sujadar ta fi ruku'u sunkuyawa. Batun alwala kuwa, idan ruwa zai cutar da wurin, ana shafa a kan bandejin da ya rufe shi.

Kawu Direba: Malam, a kan takalmin kansa fa, tunda shi ma ɗauri ne?

Malam Liman: Wannan ya danganta da ko an hana ta cirewa ko an ba ta izini. Idan tana cirewa ba tare da cutuwa ba, kuma ruwa ba ya yi wa ƙafar illa, wankewa ce asali. Ta faɗa mini abin da likita ya ce, sai in ba ta amsar da ta dace da halinta.

Baban Ummi: Wani abin da ba a faɗa ba shi ne banɗaki. Tsuguno da wannan takalmi ba ya yiwuwa, kuma a jiƙaƙƙen siminti ƙasan sanda yana zamewa. Akwai kujera mai rami a tsakiya da ake sayarwa, kafinta ma yana iya yin ta. A matakala kuma lafiyayyiyar ƙafa ce take fara hawa, wajen sauka kuma sanda da mai ciwon ne suke fara sauka.

Kawu Direba: A nan dai na fi ku sani: kada ta kuskura ta tuƙa mota da shi, tunda ƙafar dama ce, ita ce ta birki da totur, kuma faɗin takalmin yana iya taka su biyun lokaci guda. A adaidaita sahu ma ta zauna ta yadda ƙafar za ta kasance a ciki, ba a bakin ƙofa ba.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na aika a kai kambas wurin mai gyara. Saura batun dare, wanda har yanzu ba wanda ya taɓa. Ina iya cire shi in kwanta?

Yaya Tela: Inna cirewa take yi kowane dare, kuma babu abin da ya same ta.

Baban Ummi: Ni kuwa an ce kada in cire ko da minti ɗaya ne a makonnin farko. Sassauta maɗauran nake yi kaɗan, in zura takalmin cikin rigar filo saboda ƙurar da ya kwaso, in sa matashi tsakanin ƙafafuwa don kada robar ta daki ɗaya ƙafar idan na juya.

Anti Nas: Ku biyun aikinku ba iri ɗaya ba ne, kuma nata ma daban ne. Haɗarin cirewa shi ne juyi cikin barci, ko mutum ya farka cikin magagi ya taka ƙafar zai kewaya. Wanda ya ga hoton ƙashin ne kaɗai zai yanke wannan. Maman Khalifa, ki kira lambar da take jikin katinki gobe da safe, kada ki jira ranar komawa, ki kuma tambaye su nauyin da aka yarda ki ɗora da ranar da za ki fara zuwa sashen gashin ƙashi. Maganin ciwo kuma kada ki ƙara diclofenac ko ibuprofen daga kemis a kan wanda aka rubuta miki sai sun sani.

Ɗan Auta: Baban Ummi, babban takalmin nan da ya yi muku yawa yana nan? Abokin aikina ya karye a ƙwallo, lamba 45 yake sawa.

Baban Ummi: Yana nan a saman durowa, amma soson ciki ya mutu, sai ya sayi sabo, kuma ya kai wa likitansa ya gani kafin ya sa.