Darasin kalmomin Turanci a kan ƙuruciya ya gagare ni, ina neman shawara

Malamar Aji Ɗaya, Kano

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, 'yan mata 62 a aji guda. Wannan zangon na shirya darasin kalmomi a kan ƙuruciya a ƙasashe daban-daban, na ɗauko jerin daga wani littafi bugun Ingila: toddler, sibling, playground, bedtime story, pocket money, babysitter, tooth fairy da sauransu, guda 20. Ranar Litinin na rubuta a allo, suka kwafa, suka yi ta rerawa har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo. Ranar Alhamis na yi gwaji. Mutum 9 ne kawai suka ci rabi.

Wadda ta fi ba ni wahala wajen bayani ita ce tooth fairy. Na ce musu a Ingila da Amurka idan yaro ya yi famfara, sai ya sa haƙorin a ƙarƙashin matashin kai, cikin dare wata 'yar aljana ta zo ta ɗauke, ta bar masa kuɗi. Wata daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, aljana ta shigo ɗaki, kuma a yi murna?" Aji ya kece da dariya, wata kuwa a'uziyya ta kama yi. Da muka zo kan babysitter suka ce ai yayar yaro ce, don me za a biya ta?

Abin da ya ɗaure mini kai: a gwajin nan, tooth fairy ce kaɗai kusan kowa ta ci. To, in watsar da kalmomin da ba su da alaƙa da rayuwarsu ne, ko akwai dabarar da ban sani ba?

Tsohon Hedimasta, Zariya

Wa alaikumus salam. 'Yata, amsarki tana cikin tambayarki. Sun riƙe waccan kalma ne domin ta sa sun yi gardama da ke. Sauran 19 ɗin kuwa sun wuce ta kansu kamar ruwa a bayan agwagwa.

Shekara 33 na yi ina riƙe da alli, kuma abin da na gani shi ne yaro ba ya riƙe baƙuwar kalma sai ya sami ƙusar da zai rataye ta. Ki fara daga tsakar gidansu. Ki tambaye su wasannin da suka yi daren jiya, ki rubuta da Hausa a gefe guda na allo, sannan ku nemo Turancin tare. Wasan ɓuya shi ne hide-and-seek, kin ga kin sami aikatau biyu a kyauta. 'Yar gala-gala ita ce hopscotch, kuma a cikinta akwai hop, wato tsalle da ƙafa ɗaya, wanda duk mai yin langa ya san shi. Carafke yana da ɗan'uwa a can da ake kira jacks. Kacici-kacici riddle ne, tatsuniya folktale.

Toddler ɗin da ta gagare su kuwa, ai mai tatata ne. Ki sa ɗaya ta fito gaban aji ta kwaikwayi ƙaninta, daga rarrafe, crawl ke nan, zuwa tatata, wato toddle. Na yi miki alkawari babu wadda za ta manta. Ki kuma gaya musu cewa asalin ma'anar kid ɗan akuya ne, kafin a fara kiran 'ya'yan mutane da shi. Ɗalibaina sukan yi mako suna tsokanar juna da wannan. Daga nan ne ma kidnap ta fito, satar yara, kalmar da a zamanin koyarwata sai a ƙamus muke ganinta. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Ɗan Maraɗi

Malama, ni da Faransanci na yi firamare, sai da muka shiga kwaleji aka fara mana Turanci, saboda haka sau biyu na sha wannan wahala. A littafinmu ba aljana ke ɗaukar haƙori ba, ɓera ne, Faransawa suna ce masa la petite souris. A Sifaniya ma ɓera ne, har suna gare shi. A Masar yaro rana yake jefa wa haƙorinsa, ya roƙe ta ta ba shi wanda ya fi shi kyau. A Japan haƙorin ƙasa kan rufin gida ake jefa shi, na sama kuma ƙarƙashin gida, wai don sabon ya fito a miƙe. Mu kuma kakarmu gargaɗi take mana kada mu bar ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani haƙori ba zai sake fitowa ba. Na yi wata guda ina magana baki a rufe.

Haƙori ɗaya ne, amma dubi abin da zai ba ki: lose, throw, hide, pillow, roof, sun, mouse, lizard, gap. Ki raba ɗaliban rukuni-rukuni, kowane ya ɗauki ƙasa ɗaya ya ba da labarinta da Turanci cikin jimla uku. Tooth da lose za su dawo sau biyar ko shida, babu wadda ta ji ana sa ta hadda.

Mai Duba Takardu

Gafara dai, Malama, da kai Baba Hedimasta, amma ni ina da ja. Wasa da tatsuniya suna da daɗi, sai dai yarinyar nan jarrabawar kammala aji uku ke jiranta, bayanta ga WAEC da NECO, kuma babu mai tambayarta carafke. Aji mai mutum 62, minti 40, in aka fara kwaikwayon rarrafe lokaci ya tafi.

In ƙuruciya za ki koyar, ki ba da ƙarfi ga sunayen dangi, nan ne yaranmu ke zubar da maki. Bahaushe yana da kawu da baffa, Bature ya haɗe su a uncle. Muna da gwaggo da inna, shi aunt kawai gare shi. Muna bambanta wa da ƙane, ya da ƙanwa, shi sai ya ƙara elder ko younger. Shi ya sa suke rubuta senior brother da cousin sister, mu kuma mu ja jan biro. Cousin ba ta da namiji ba ta da mace, ɗan kawu da 'yar baffa duk ita ce. Wannan ki nanata musu har ya zauna.

Tsohon Hedimasta, Zariya

Malam, ban ƙi taka ba. Amma cousin ɗin ma, ka ce yarinya ta zana gidansu ta sa sunan kowa, ka ga ko ba za ta fi zama ba. Sai ka tambaye ta mene ne taubashi da Turanci, ka sha kallo.

'Yar Zongo, Kumasi

Hajiya Malama, bari in sa baki kan bedtime story. Mu a zongo mun tashi da Gizo a bakin kakanninmu, a makaranta kuma Ananse na Asantawa, shi ma gizo-gizo ne mai wayon tsiya da haɗama. Bayin da aka kwashe daga gaɓar nan sun tafi da shi har Jamaika, inda har yau ake ba yara labarinsa da sunan Anansi. Ranar da malamarmu ta faɗa mana haka, mun ji kamar an ce wani ɗan unguwarmu ya yi suna a waje. A ranar na koyi trick, greedy, clever da trap, kuma ban taɓa komawa ƙamus a kansu ba.

Ki nuna musu cewa once upon a time ita ce "ga ta nan, ga ta nanku" ta Turawa. Bambancin shi ne a can uwa ko uba ke karanta wa yaro littafi yana kwance a gadonsa, mu kuwa taro ake yi a tabarma, kuma sai an amsa da "ta zo mu ji ta" kafin mai tatsuniya ta ci gaba.

Malamar Aji Ɗaya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka. Ranar Juma'a na ba su aikin gida: kowace ta tambayi kakarta ko mahaifiyarta abu uku game da ƙuruciyarta, ta kawo da Hausa. Ranar Litinin allo bai ishe mu ba. An kawo gaɗa, tashe, 'yar tsana, tallan gyaɗa, kitso, ɗiban ruwa a rijiya, har da wadda kakarta ta ce sai da ta shekara uku aka yaye ta. Daga nan muka sami wean, kalmar da ko a jerin nawa babu ita.

Malam Mai Duba Takardu, gaskiyarka kan lokaci. Darasin da na tsara wa kwana biyu ya cinye mako guda, kuma aji ya yi hayaniyar da ta sa mataimakiyar shugaba ta zo ta tsaya a taga. Na ware rana ɗaya cur ga dangi kamar yadda ka ce. Taubashi kuwa ya kayar da mu duka, har da ni. Mun ƙare da jimla guda mai tsawo, cewa cousin ne wanda al'ada ta yarda ku riƙa tsokanar juna. Haka ma da muka zo kan kunyar ɗan fari. Da na ce musu a Ingila uwa tana kiran sunan ɗanta na fari gatsal a gaban mutane, wata ta ce, "Ko a gaban surukarta?"

Na sake gwaji da kalmomi 25, na da da sababbi a gauraye. Mutum 41 suka haura rabi. Pocket money ta zauna tun da muka kira ta kuɗin tara, babysitter kuma tun da muka haɗa ta da mai raino. Sibling ce har yanzu ke zillewa, ina jin don babu wadda ta taɓa jin buƙatarta.

Yanzu ga sabuwar matsala. Na ce su rubuta jimla biyar a kan lokacin da suke ƙanana. Yarinyar nan ta bencin baya, mai maganar aljana, ta rubuta: My sister backed me to the market. Goyo take nufi. Kusan rabin ajin haka suka rubuta, domin haka ake faɗa a Turancin Najeriya, ni ma haka na ji tun ina yarinya. A Turancin Ingila kuwa back a matsayin aikatau mara wa mutum baya take nufi, goyo sai an ce carried me on her back, kalma biyar a madadin ɗaya tamu. Na ɗauki jan biro, na ajiye, na sake ɗauka. Takardun suna nan a jakata tun jiya ban duba sauran ba. Malam Mai Duba Takardu, in kai ne, maki nawa za ka cire?