Muhawara: Hoton Dutsen Zuma da aka share wa wayoyin lantarki, hoto ne ko zane?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Jiya wani ƙanenmu ya saka hoton Dutsen Zuma da ya ɗauka daga gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, daga baya kuma ya amsa da bakinsa cewa ya share wayoyin lantarkin da suka gitta gaban dutsen, ya mayar da sararin sama shuɗi alhali ranar hazo ne ya rufe gari. Malam na Zariya ya ce duk hoton wuri da aka yi wa irin wannan gyara ƙarya ne, komai kyansa. Ga fili, amma a yi da ladabi.

Malamin makaranta, Zariya: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Abin da ya raba hoto da zane shi ne shaida, domin mai hoto cewa yake yi ya tsaya a wuri kaza, ga abin da ya tarar, kuma saboda wannan ne muke yarda da shi har mu ce gani ya kori ji. A shekarar 1982 mujallar National Geographic ta matso da dala biyu na Giza, manyan gine-ginen Fir'aunonin Masar, kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, kuma har yau ana buga misali da wannan a matsayin abin kunya. Idan ba a yafe wa babbar mujalla ba, ban ga dalilin da za mu yafe wa kanmu ba don kawai sha'awa ce ta sa muke ɗaukar hoto.

Ɗalibi, Suleja: Allah ya gafarta Malam, ni ba ɗan jarida ba ne, kuma dutsen na je ɗauka, ba falwaya ba. Lokacin da na tsaya a gabansa idona bai ma lura da wayoyin ba, sai da na duba hoton na gan su sun ratsa fuskar nan da ake cewa tana jikin dutsen. Ko a takardar naira 100 da aka fitar a 1999 babu waya a gaban Zuma, kuma ba wanda ya ce an yi ƙarya.

Malamin makaranta, Zariya: Ɗana, ka kawo mini hujja da hannunka. Na jikin kuɗi zane ne, kowa ma ya san zane ne.

Tsohon mai wankin hoto, Kano: Malam, ka yi mini uzuri, amma maganarka ta yi faɗi da yawa. Na daɗe ina wankin hoto a ɗaki mai jar fitila tun zamanin fim, kuma ban taɓa ganin hoton da ya fito ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Idan sama ta yi fari fat, sai in kare ƙasan takardar da tafin hannuna in ƙara wa saman haske na ɗan lokaci har gizagizai su bayyana. Idan kuma inuwar bishiya ta yi baƙi ƙirin, akwai wani ɗan kwali da na manna a bakin siririyar waya, da shi nake tare haske ina kaɗa shi don kada ya bar tabo. Wannan kuwa ba mu muka fara ba. Tun wajen 1856 Bafaranshen nan Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, domin kayan aikin zamaninsa ba sa iya kama hasken biyun a lokaci guda. Ansel Adams na Amurka ma, hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ya ɗauka a 1941, a wajen wanki ya riƙa duhunta samansa, har na baya suka fi na farko duhu nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: ido yana ganin abin da ke cikin inuwa da abin da ke cikin rana a kallo ɗaya, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta sadaukar da ɗaya. Wanda ya gyara haske don ya kusanto abin da idonsa ya gani bai yi ƙarya ba. Inda na tsaya tare da kai shi ne cire abin da yake nan, ko sanya abin da babu.

Hajiya, Minna: Baba, ranka ya daɗe, launi ma yana yin ƙarya ko ba a cire komai ba. Na taɓa ganin hoton ruwan Gurara shuɗi garau, an rubuta a ƙasa cewa da damina aka ɗauka, sai na kwashi baƙi na kai su cikin watan Agusta. Muka tarar da ruwa ya cika yana ruri, launinsa kamar shayi da madara saboda laka, feshinsa yana jiƙa gilashin kyamara ina gogewa da bakin mayafi. Wurin ya yi kyau, amma baƙina abin da na nuna musu a waya suke nema, kuma ni na ji kunya. Masu tafiya da hotunanmu suke yanke shawarar inda za su kashe kuɗin mota, saboda haka ba daidai ba ne a ce gyara bai shafi kowa ba.

Ɗan'uwa daga Agadas: Ina da tambaya ga Malam. Wayoyin hannu na yanzu, idan ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa suke ɗauka a jere su haɗa su, su ƙara kaifi da launi kafin ka gani. Ashe wanda yake alfahari bai taɓa hotonsa ba, manhaja ce ta taɓa masa ba tare da ta shawarce shi ba. Ni abin da ya fi damuna a hoton ƙanenmu shi ne shuɗin saman da ya aro. Hasumiyar masallacinmu, mai tsawon mita 27, ban taɓa ganin ta yi kwarjini kamar da yammacin hunturu ba, lokacin da ƙura ta dushe rana har kana iya kallonta, jar ƙasar ginin da itatuwan da suka leƙo daga jikinta suka zama launi ɗaya da sama. Me ya sa muke jin kunyar hazonmu?

Malamin makaranta, Zariya: Na karɓi gyaran Baba game da haske, kuma batun wayar hannu ya sa na sassauta lafazina. Amma aikin manhaja iri ɗaya take yi wa kowane hoto, ba ta da niyya, shi kuwa mai share falwaya ya san abin da yake ɓoyewa. Ƙari a kan haka, bayan shekara hamsin wayoyin lantarkin nan da shagunan da ke gindin dutsen su ne za su gaya wa jikokinmu yadda Madalla, garin da ke kusa da dutsen, take a yau.

Ɗalibi, Suleja: To Malam, idan na rubuta a ƙasan hoton cewa na cire wayoyi na canza sama, shi ke nan na fita?

Malamin makaranta, Zariya: Ka fita daga ƙarya, amma ni dai zane zan kira shi.

Tsohon mai wankin hoto, Kano: Yaro, ka koma bayan an yi ruwa, wajen ƙarshen Satumba, ka isa da sassafe, ka bar bakin titi ka taka da ƙafa har wayoyin su koma bayanka. Ka saka mana sabon hoton tare da asalin na jiya wanda ba a gyara ba, domin ni na hazon nake so in gani.