An shafa jan fenti a bangon gidana, in zuba dal ko in dakata?

Mushe na hanyar Ɗan Isa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni malamin lakkol ne, shekarata 14 ina koyarwa. A unguwar Bagalam ta Maraɗi na tashi, gidan mahaifinmu, mu tara ne maza, duk wanda ya yi aure sai a yanka mishi ɗaki a tsakar gida, har ta kai wurin shanya ma babu. A 2017 muka samu fili mita 300 a bayan gari, gefen hanyar Ɗan Isa. Adashi uku na zuba, maiɗakina ta saida tumakinta biyu da kwanonin aurenta. Lokacin gonakin hatsi ne, karan ma ba a kwashe ba, mutane suna ce mini na kai iyalina daji. Yau gidaje ne har inda ido ya tsaya. Na yi ɗaki biyu da falo da shago a ƙofa. Bana na sayi siminti buhu 40 da ƙarfe don in zuba dal, wato rufin kankare, a kan shagon, na ba maso (magini) rabin kuɗinshi.

Ran Litinin ina aji maiɗakina ta kira ni tana kuka. Wai mutum huɗu sun zo da na'urar awo mai ƙafa uku, sun shafa jan fenti da lamba a bangonmu, daidai tagar ɗakin yara, haka gidaje kamar ashirin a layi ɗaya. Ta tambaye su, suka ce awo kawai suke, za a kira mu. Yanzu kowa da tashi magana: wasu sun ce hanyar kewaye ce ta manyan motoci, wasu layin dogon Kano, wasu magudanar ruwa.

Maƙwabta sun rubuta takardar ƙin yarda, suna son in sa hannu kafin Juma'a. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu, don na san wahalar hanyar nan. Ran kasuwa, Litinin da Juma'a, tafiyar minti 15 sai ta ci mini 40 a kan babur, ga kamyo, ga adaidaita, ga amalanke. Kullum ɗiyata sai ta tsallaka gudron nan za ta lakkol. Wani dillali kuma ya zo jiya ya taya gidan. In zuba dal ɗin? In sa hannu? Ko in saida?

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Mushe, saurara mini, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Gobe da asuba kira maso ya zuba dal. Ran biyan diyya abin da ido ya gani ake ƙirgawa, mai dal ba ɗaya yake da mai kwano ba. Takardar maƙwabta kuma kar ka sa hannu, wa ya taɓa tsaida hanya da takarda? Dillalin nan kore shi, ya ji ƙamshin wani abu ne.

Maman Biyu:
Allah ya kawo mafita. Amma wace takarda gare ka ta filin? Ba ka faɗa ba.

Direban Jibiya:
Ni dai in hanyar kewaye ce wallahi Allah ya sa a yi ta gobe. Shekara 19 ina jan kamyo tsakanin Maraɗi da Jibiya. Duk kayan da suka fito Katsina ta Ɗan Isa, masu zuwa Yamai da masu zuwa Damagaram, sai sun biyo ta gari kafin su kama babbar hanya. Kun san abin da ake ji in kana ɗauke da tan 30 yaro ɗan kabu-kabu ya gitta gabanka da mace da goyo? Burki ba ya kama mota nan take. In tsautsayi ya faru direba ake jifa, ba wanda zai tambayi wa ya kafa rumfar shayi a kan kwalta. Da azumin bara har madubina aka fasa, ni na biya daga aljihuna.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Direba ya faɗi gaskiya. Garin nan da sufuri ya tashi, tun zamanin gyaɗa. Wanda ya ƙi hanya ya ƙi arzikin Maraɗi.

Ɗiyar Ali Ɗan Tsoho:
Alhaji, da girmanka, shawarar dal ɗin nan tana iya jefa bawan Allah cikin asara. Na yi karatun shari'a. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ita ce mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008. Ƙa'ida ita ce a bayyana aikin a hukumance, a buɗe bincike a saurari mutanen da abin ya shafa, a ƙirga dukiyarsu, a biya diyya kafin a karɓa. Abin da mutum ya ƙara bayan an fara wannan, in aka ga don ya ƙara kuɗin diyya ya yi shi, ana iya ƙin biyan shi. Mushe, ɗauki hoton gidan ciki da waje yau ɗin nan, da fentin da lambar, ka ajiye rasit ɗin siminti. Ku je ku uku ma'aikatar magajin gari, ofishin filaye, ku nemi a nuna muku taswirar unguwar. Kuma ka amsa tambayar Maman Biyu, komi a kanta ya rataya.

Mushe na hanyar Ɗan Isa:
Takarda akwai. Ta sayarwa ce, mai gonar ya sa hannu, da shaidu biyu da hatimin mai gari. Sai dai sunan yayana ne a kai, don lokacin ina aiki ƙauye wajen Dakoro, shi ya tsaya mini. Yana Libiya yanzu, amma ba matsala tsakaninmu, uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Ɗiyar Ali Ɗan Tsoho:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Wannan takardar gona ce, ba takardar fili da aka yanka aka kafa wa borni, wato duwatsun iyaka na hukuma, ba. Mai yiwuwa ma tun asali wurin hanya ne a taswira. Kuma ran ƙirga sunan da ke kan takarda za a rubuta. Ka sa yayanka ya aiko da wakilci a rubuce tun yanzu.

Mushe na hanyar Ɗan Isa:
Malama, duk unguwar haka muka saya, ba ni kaɗai ba. Filin da aka yanka a unguwar Zariya nawa ne a 2017? Albashin malami zai iya? Da na tsaya jiran mai borni da har yau ina ɗaki ɗaya da ɗiya biyar. Kuma an ja mana wuta, muna biyan kuɗinta kowane wata, in wurin hanya ne don mi aka ja? Zancen wakilci kuwa, in na ce ma Yaya ya rubuto takarda zai ga kamar ban yarda da shi ba.

Hajiya ta Zariya:
Ku kuna ta hanyar da ba a yi ba, mu da aka yi ma fa? Tun Maraɗi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan a 2015, da aka gyara tituna, titin ya fi ƙofar gidana tsawo. Duk damina ruwan layi gidana yake sauka, da bokiti muke kwana ni da jikoki. Bara katangar bayi ta faɗi. Ba wanda ya shafa mini fenti balle in sa ran diyya. Ɗana, in sun biya ka karɓa ka yi gaba.

Baba Tsoho na Maradawa:
Yaro, garin ga da kake gani a kan tudu ba nan yake ba. Cikin fadama yake, sai da Gulbi ya ci shi a 1945 anka hau da mutane sama, anka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Iyayenmu sun yi kuka sa'annan, amma titunan nan su muke bi har yau. Abin da ya ɓata bayan gari shi ne kowa ya saida gonarshi yadda ya ga dama, ba a bar ma hanya wuri ba. Ka yi istihara, kuma kar ka ɓata da maƙwabtanka, su za su ɗauki gawarka.

Ɗan Kabu-kabu:
Direba ka daina ɗora mana laifi. Ku ne kuke ajiye kamyo a bakin hanya kwana uku kuna jiran lodi, mu bi ta ina?

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Ɗiyata, doka a littafi daban, abin da ake yi daban. Ni na ce layin dogo ne ma. Wanda Buhari ya ƙaddamar a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya, kilomita 284, ta wannan gefen zai shigo. Manyan ayyuka irin wannan su ne ke biya da kyau. Mushe, siminti ba ya jiran shawara, in damina ta same shi a ajiye dutse zai zama. Buhu 40 ba wasa ba ne.

Maman Biyu:
Alhaji, kai ka ga taswirar ne? Kowa hasashe yake. Ni abin da ya dame ni matarshi, da kwanoninta a cikin ginin nan, kuma sunanta ba ya ko'ina.

Mushe na hanyar Ɗan Isa:
Na gode muku duka. Maganar maiɗakina ba ta taso ba, gidanta ne. Hotuna na ɗauka. Zuwa ofishi kuma sai Laraba da yamma da ba ni da aji, amma maƙwabta sun ce duk wanda ya je shi kaɗai ya saida su. Maso ya kira ni ɗazu, ya ce in ba a fara jibi ba zai kama wani aiki a Tibiri, kuma kuɗin da na ba shi ya riga ya ci. Shi dal ɗin ai ba don diyya na shirya shi ba, tun bara nake tara kuɗin kayan. Akwai wanda ya san inda ake saida siminti a maida kuɗi ba tare da faɗuwa sosai ba? Ko dai in zuba rabin?

Direban Jibiya:
Ɗan Kabu-kabu, nuna mini tashar da aka gina mana muka ƙi shiga.