Siririyar taga da faffaɗar taga: shawara kan kalmomin gyaran hoton sararin samaniya

'Yan uwa masu sha'awar ilimin taurari, akwai kalmomin Turanci biyu da masu ɗaukar hoton sararin samaniya ba sa rabuwa da su, wato narobandi da burodbandi, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu sama musu Hausar da za ta ɗauki ma'anar aikin. Dukansu suna nufin matacin hasken da ake sakawa a gaban kyamara. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 a tsawon zango (nanomita ɗaya kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita). Matacin ja ko kore ko shuɗi, wato burodbandi, yakan bar kimanin nanomita 100 su wuce, shi kuwa narobandi sau da yawa nanomita 3 zuwa 7 kacal yake bari, daidai inda wata iska ke fitar da haskenta: haidurojin a wajen 656, oksijin a wajen 501, salfa kuma a wajen 672.

Ban goyi bayan a kira narobandi "gajeren zango" ba, domin masu sauraron rediyo sun riga sun san shi da wata ma'ana, kuma zai ɓatar da ɗalibi, tunda jan hasken haidurojin yana cikin masu dogon zango a hasken da muke gani. Faɗin hanyar da aka bar masa ne ya tsuke. "Kafa" ta fi kusa da ma'anar, sai dai duk wanda madannansa ba su da ƙ zai rubuta ƙafa da kafa iri ɗaya, mai karatu ya ga siririyar ƙafa. Saboda haka nake ba da shawarar "siririyar taga" ga narobandi da "faffaɗar taga" ga burodbandi.

Inda aka fi bukatar natsuwa shi ne sunan haɗa su. Hoton siririyar taga yana fito da zaren gajimaren iskar sararin samaniya tas, ko da akwai farin wata ko hasken fitilun birni, amma launin taurarinsa ba na gaskiya ba ne. A tsarin launin da hoton madubin hangen nesa na Hubble na 1995 na gajimaren M16 ya shahara da shi, salfa ce ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi, kuma idan aka rage koren domin daidaita hoto, taurari sukan koma ruwan shunayya. Don haka gwanaye sukan cire taurarin gaba ɗaya, su gyara gajimaren shi kaɗai, sannan su mayar da taurarin da aka ɗauka ta faffaɗar taga da launinsu na asali. Wannan aikin "dasa taurari" ya dace da shi.

Akwai kuma aiki na biyu, wanda ake yi wa galaksi (wato babban tarin taurari) irin M33, inda ake ƙara hasken haidurojin a cikin jan launi domin wuraren da sabbin taurari ke samuwa su bayyana. Nan "gauraya" ba ta isa ba, domin ba ta nuna gwargwado, alhali gwargwadon shi ne aikin: in an zuba da yawa, galaksin duka ya rine ja. Ni na zaɓi "surki", kamar yadda ake surka ruwan zafi da na sanyi ana taɓawa har ya yi daidai. Kafin surkin, a manhajoji irin PixInsight da Siril, akan debe hasken taurari da ya biyo ta siririyar tagar, ta hanyar rage wani kaso na hoton ja daga hoton haidurojin, sai hasken iskar zalla ya rage. Wannan matakin ina kiransa "tace haidurojin", kuma zan so jin ra'ayin malaman harshe a kansa, domin "tace" ta riga ta shiga cikin "mataci", kuma ina gudun kada kalma ɗaya ta ɗauki aiki biyu a jimla guda.