Me ke fito da 'yan sa kai ranar bikin fasaha?

Malam Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ga tambaya na saka a baitoci, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya amsa da waƙa, da amsa-amon da ya ga dama.

Idan aka ce za a yi bikin fasaha na jama'a,
Na zane da waƙa da wasan kwaikwayo gaba ɗaya,
Sai ka ga mutane sun fito tun da sassafe,
Suna jera kujeru, alhali ba wanda ya ce zai biya.
Wani yana rataye zane a bango yana gwada tsayi,
Wani yana jan waya domin lasifika ta ɗauki murya,
Wata tana bakin ƙofa tana karɓar tikiti,
Wasan da ta zo dominsa ya wuce ta a baya.
Me ya fito da su, kuma wace riba suke hange,
Da za ta sa mutum ya bar hutunsa ya zo ya sha wuya?

Baba Mai Shakka:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsata ba ta da daɗin ji, amma ga ta.

Malam, kada mu yi wa zukatan mutane kwalliya,
Mafi yawan masu fitowa abin da suke nema suna.
Matashi yana son takardar shaida ya adana,
Domin ranar neman aiki ya sami abin da zai nuna.
Wani kuɗin shiga ne ba shi da su, sai ya sa rigar ma'aikata,
Ya kalli wasa kyauta daga gefe, a inuwa ko a rana.
Ban ce babu masu yi don Allah a cikinsu ba,
Amma a ce su kaɗai za su cika fili? Ina!

Hajiya Mai Fitila:

Baba, na ji maganarka, kuma ban ƙaryata ta duka ba,
Sai dai ka auna niyya ka manta da auna aiki.
Yaron da ya zo don takarda ya tafi da abin da ya fi ta,
Ya iya saita fitila, ya iya tsara zama a ɗaki,
Ya koyi yadda ake tarbar baƙo da sakin fuska,
Da yadda ake kwantar da mai fushi da taushin baki.
Akwai wadda 'ya'yanta suka girma suka bar gida,
Kaɗaici ne ya fito da ita, ta dace da abokan kirki.
Akwai wanda ya so ya zama mai zane, rayuwa ta juya shi,
Riƙe wa mai zane tsani yana kashe masa ƙishin da ke ciki.
Akwai baƙon da bai san kowa ba a inda ya sauka,
Ɗaukar kaya tare da jama'a ya sa aka san shi a biki.
Idan mutum ya amfana, al'umma ita ma ta amfana,
Ina laifi a nan, Baba, kuma ina abin mamaki?

Ɗalibi:

Iyayena, ku ba ɗalibi izini ya sa baki,
Da ɗan abin da ya karanta, duk da kun fi shi fahimta.
A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam,
Sashe na 27 ya ba kowa haƙƙin more fasaha da kusantar ta.
Amma haƙƙin da ke kan takarda ba ya buɗe ƙofa da kansa,
Sai wani ya zo da makulli, ya share harabar, ya tsabtace ta.
A birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, shekarar 1947,
Ƙungiyoyin wasa takwas suka iso babu gayyata,
Suka nemi wuraren wasa da kansu a gefen babban biki,
Abin da suka fara ya zama bikin Fringe da duniya ke ziyarta.
A ganina mai fitowa yana cewa ne bikin nan namu ne,
Kuma mai abu ba ya jiran albashi kafin ya taimaka ya ƙawata.

Malam Mai Tambaya:

Madalla da ɗalibi, ya kawo hujja da shekara,
Baba, ko ka sauko, ko har yanzu da sauran magana?

Baba Mai Shakka:

Ɗana ya yi karatu, Hajiya kuma kin rage mini zafi,
Amma akwai gefen da ba zan rufe shi ba don zumunci.
Bikin jama'a da ba ya neman riba daban yake
Da wanda ake sayar da tikitinsa da tsada don kasuwanci.
Idan mai shiri ya cika aljihu, ya sallami mawaƙi,
Ya bar mai ɗaukar kaya da "mun gode", wannan shi ne zalunci.
Aikin da ke da haɗari, kamar haɗa wutar dandamali,
A ɗauki ƙwararre a biya shi haƙƙinsa na ma'aikaci.
Ranar 5 ga Disamba da Majalisar ta ware wa 'yan sa kai tun 1985
Yabo ce, kuma yabo ba ya zama madadin adalci.
A faɗa wa ɗan sa kai aikinsa da sa'o'insa tun farko,
A ba shi hutu da ruwan sha, a kira sunansa da mutunci.

Hajiya Mai Fitila:

Baba, a wannan gaɓa na bi bayanka babu musu,
Sai dai akwai dalili ɗaya da nake so in ƙara.
Da yawa ba talla ce ta kawo su ba, ba kuma dogon tunani ba,
Wani da suka sani ne ya ce su zo, suka amsa kira.
Wanda aka bari a tsaye ba a nuna masa abin yi ba,
Zai koma gida shiru, ba za a gan shi ba wata shekara.
Shi ya sa mai shiri nagari yake rubuta sunan kowa
Da aikin da ya iya, daga mai fitila har mai shara,
Kuma idan an tashi ya zauna da su ya ji ƙorafinsu,
Kafin ya sa ranar biki na gaba ya san abin da zai gyara.